Katin Hoto da Ɗakin da Ban Shiga Ba

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku matso. Ɗazu na ji ɗayanku yana cewa wai zaɓen katin hoto ba aiki ba ne: ka dubi wanda ya fi girma, ka dubi aljihun mai saye, ka soka shi a raminsa, shi ke nan. To madalla. In haka ne ni na yi asarar ƙuruciyata. Da na sani da rake na kama sayarwa a Ƙofar Doka, da yanzu na ajiye tumbi.

Katin hoto dai, wanda kuke kira girafik, shi ke karɓar abin da ke cikin kwamfuta ya mai da shi hoto a fuskar talabijin. Wannan kowa ya sani. Abin da ba ku sani ba shi ne kwamfutar kallo ta gida, wadda ake jonawa da talabijin a falo iyali su kalli wa'azi da fim da bidiyon biki, ba jirgi ɗaya ya kwaso ta da ta wasan gem ɗin da kuke mutuwar so ba. Ta gem ana son ta da ƙarfi ko da za ta yi gurnani. Ta falo kuwa so ake a manta tana nan.

Aikin da ya fara buɗe min ido wata talabijin ce ta wani tela a Gyallesu, lokacin ina koyo wurin maigidana, marigayi Malam Ɗanjuma, mai gyaran rediyo da talabijin a Tudun Wada. Sau uku telan nan yana ɗauko ta a bayan keke wai hoto na rawa, sau uku muna kunna ta a shago ba ta ko motsi. A karo na huɗu Malam ya ce in ɗauko jaka, muka bi shi har gida. Ashe soket ɗaya talabijin ke sha da dutsen guga da keken ɗinki na lantarki. Yana taka keke, hoto ya kama rawa. Malam bai kwance ko noti ɗaya ba, waya kawai ya jawo daga wani soket. A hanyar dawowa ya ce min na'ura a shago baƙuwa ce, kunya take ji, ba ta nuna halinta sai a gidansu. Ya ce duk abin da zan haɗa wa mutum, in je in zauna a ɗakin da abin zai zauna, in sha ruwa a wurin, in ga yadda masu ɗakin ke zama. Daga baya na bar talabijin na koma kwamfuta, Malam yana min tsiya wai na koma gyaran akwatin da ba ya kama Kaduna, amma wannan karatun nasa da shi na taho.

Shi ya sa in kun buɗe jakata, bayan mita da buroshi da sauran ƙarafa, za ku ga tef ɗin awo irin na tela. Ku yi ta dariya. Wani malamin jami'a a nan unguwar Kongo, mutum mai digiri har uku, ya yi odar kati da kansa, mai fanka uku, tsawonsa ya kusa kamu ɗaya. Kwamfutarsa kuwa 'yar siririya ce irin ta ofis, wadda ke kwanciya a ƙarƙashin talabijin. Ya kawo min su a bayan mota yana tambaya ko za a iya ɗan rage katin. Na ce ranka ya daɗe, ba yadi ba ne. Da ya auna tun farko da bai sha wannan ba.

Akwai kuma wani Alhaji a Tukur-Tukur da ɗansa ya sa masa ƙaton kati. Muddin akwai wutar gwamnati lafiya lau. Da an ɗauke aka koma kan inbata, sai inbata ta kama kuka, batir ya zube kafin a gama labarai. Gida ya zauna babu fanka babu ƙwan wuta saboda akwati ɗaya. Kati ci yake, kuma abin da ya ci zafi yake mayarwa. Zafin nan fanka ke kora, fanka kuwa ƙara take. To ka ga abu uku ke nan a ɗaure da igiya ɗaya, ka ja ɗaya sauran su biyo. Sannan ga bidiyon wayoyin yanzu, da ake matse shi da sabuwar dabara. Wani katin ga shi ƙato, amma tsoho ne, bai san wannan dabarar ba, sai ya bar wa kwamfuta aikin tana nishi hoto na tsalle. Wani kuma ɗan mitsitsi, sabon yayi, ya warware shi ko gumi bai yi ba. Sau da yawa ma ina gaya wa mutum ba ya bukatar kati sam, wanda aka gina a jikin kwamfutarsa ya ishe shi. Wani ya yi godiya, wani ya fita yana cewa tsohon nan bai san aiki ba.

Ƙananan katin nan a muguwar shekara na san darajarsu. Shekarar da masu haƙar kuɗin intanet suka wawashe manyan kati a duniya, ka je Kano ka dawo hannu na dukan cinya. Ga shi kuma jama'a sun koma kallo a waya. Sai in buɗe shago da safe, in share, in zauna ina kora ƙuda har la'asar. Abokan sana'a biyu suka koma sayar da caja. Ni kuwa na shiga bin gwanjon tsofaffin kwamfutocin ofis, ina kwance su ɗaya bayan ɗaya, ina gwada kowane ɗan kati da kowane irin bidiyo, don ba ni da wani aikin. Wanne ke ɗaukar sauti ta waya ɗaya da hoto, wanne ke zafi, wanne ba ya bukatar fanka. Kafin kasuwa ta dawo na haddace su kamar sunayen 'ya'yan unguwa, kuma tun daga nan ban yarda durowata ta rabu da su ba.

To duk wannan sanin, da dokar Malam Ɗanjuma a kaina, sau ɗaya na karya ta. Kuma a gidan surukaina na karya ta.

Mai ɗakina, maman Rukayya, 'yar cikin birni ce, gidan malamai da ma'aikata. Mijin yayarta yana koyarwa a Kongo, mijin ƙanwarta babba ne a wani ofis a Kaduna, ni kuma ga ni da jakar ƙarafa. Mahaifiyarta, Hajiya, ba ta taɓa gaya min maganar da ba ta dace ba, Allah ya sani. Amma shekara ashirin da wani abu ba ta taɓa neman komai a hannuna ba. Rediyonta ya lalace, wani aka kai wa. Fankarta ta tsaya, wani aka kira. Ni kuwa na sa a raina ba ta ɗauki abin da nake yi sana'a ba. Tsakanina da ita gaisuwa ce: in cire takalmi tun daga tsakar gida, in durƙusa a bakin ƙofa, labule a tsakaninmu, ina kallon ƙasa, ina wuni ina gajiya, in tashi. Ban san launin fentin ɗakinta ba.

Sai 'yata Rukayya, wadda a hannun Hajiya ta tashi, ta sauke Alƙur'ani. Aka yi walima, Nura ƙanin mai ɗakina ya ɗauki karatun duka da sabuwar wayarsa, kusan awa biyu. Hajiya kuwa tana cikin wata ƙungiyar zumunta ta tsofaffi 'yan'uwanta, duk wata suna haɗuwa a gidan ɗaya, kuma zagayen ya kusa zuwa kanta. Ta riga ta gaya musu za su ga jikarta tana karatu a babbar talabijin ɗin da Nura ya saya mata. Aka juye bidiyon a filas aka soka a talabijin, talabijin ta ce ba ta san wannan ba. Aka jona tsohuwar kwamfutar Nura, hoto ya riƙa tafiya yana tsayawa. Rannan da na dawo cin abincin rana maman Rukayya ta ce min Hajiya ta ce a gaya wa Malam, in da hali, ya haɗa mata abin da zai nuna karatun nan.

Ni ne Malam ɗin. Wallahi tuwon nan ban san yadda na gama shi ba.

Nan ne ya kamata in ɗauki tef in tafi. Amma ta yaya? In ce wa surukata ta buɗe min ɗaki in shiga in zauna in sha ruwa? Sai na tambayi maman Rukayya yadda ɗakin yake. Ta ce ɗaki ne dai, babba, da kujeru da kafet. Na ce akwai iska? Ta ce akwai taga. Na ce wuta fa? Ta ce akwai sola. Shi ke nan binciken da na yi, ni da nake sa mutane su kai ni gidajensu kafin in taɓa musu noti.

Kuma ban tsaya nan ba. Na buɗe durowa, ƙananan katin nan suna kallona, na san sarai wanne ne zai yi aikin. Sai zuciya ta ce min haba, aikin farko da Hajiya ta nema, ka sa mata wannan ɗan abin kamar biskit? Mijin yaya zai leƙa, mijin ƙanwa zai leƙa. Na rufe durowa, na ɗauko wani babban kati da nake ajiye da shi, mai fanka biyu, har da wata fitila mai canja launi. Na nemo babban akwati na sa shi, na gyara komai yadda maɓalli ɗaya za ta danna karatu ya fito. Girman kai rawanin tsiya, kuma ranar har da kunnuwa na naɗa shi. Bayan mako guda Nura ya zo da mota ya ɗauka, saura kwana goma taro.

Kwana biyu sai ga saƙo ta bakin maman Rukayya. Wai abin yana farawa lafiya, hoto tar, Hajiya har ta yi hamdala. Can sai ya kama ƙugi kamar injin markaɗe, muryar yarinya ta ɓace a ciki, kafin a kai rabin awa ya mutu ɗif. Na ce a dawo min da shi. Na kunna shi a shago tun hantsi har la'asar, ko tari bai yi ba. Na ce wataƙila wutar gidan ce, na canja masa abin da ke raba wuta a ciki, na mayar. Ya mutu. Aka sake dawowa da shi, na canja waya, na sake shafa wa katin man sanyi, na mayar. Ya mutu.

Nura kuwa ya samu abin yi, kun san ƙanin mata ba ya raga wa mijin yaya. Yana sauke akwatin a ƙofar shago yana cewa injiniyan duniya, ga amaryarka ta sake yin yaji. Ina dariya, amma a fuska kawai.

Ranar Laraba maman Rukayya ta dawo daga gidansu ba ta ko cire mayafi ba ta zauna. Ta ce Hajiya ta ce kar a ƙara wahalar da Malam, yana da ayyuka. In ya so Nura ya kai wa wani yaro da aka ce ya iya, can Kongo. Ta faɗa tana kallon bango. Na san abin da ke ranta, don ita za ta zauna cikin 'yan'uwanta ranar Asabar ana cewa aikin mijinta ne ya gagara har sai da aka kai wa yaro. Ni kuma na san in akwatin nan ya tafi Kongo, na gama aiki a gidan nan har abada. Na ce ta koma ta ce ina roƙon a bar ni in zo in duba shi a ɗakin.

Alhamis bayan azahar na je. Aka ce bismillah, Hajiya ta koma ɗakin baya don in sake. Na shiga da sallama, kaina a ƙasa duk da ba kowa. Ga akwatin a tsakiyar ɗaki a kan ɗan tebur, fankar sama tana kaɗa masa iska, a gefe an ajiye min zoɓo mai sanyi da dambun nama. Na kunna, na rage sauti don kar in cika musu gida, na sa mita a soket, wuta daidai. Na zauna awa ɗaya da rabi, idona a kan mita, hannuna a jikin akwati. Lafiya lau, ko ɗumin kirki bai yi ba. Na shanye zoɓo, na yi godiya daga tsakar gida, na tafi ina cewa wataƙila ya gaji da wasa ne. Ban kai ga buɗe shago ba wayar Nura ta shigo, wai ya mutu.

Ranar Juma'a da safe ina shara sai tsintsiya ta tsaya a hannuna. Wa ke ajiye kwamfuta a tsakiyar ɗaki, a kan hanyar wucewa, wayoyi a miƙe a ƙasa? Ba mai yi. An fito min da ita ne, kamar yadda aka fito min da zoɓo. An ce suruki zai shigo, aka gyara ɗaki, aka ɗauko abin daga inda yake zama aka ajiye a inda ba zan sha wahalar sunkuyo ba. Na shiga ɗakin, amma ɗakin baƙo na shiga, ba ɗakin Hajiya ba.

Ana saukowa daga masallaci na wuce gidan ba tare da na aika ba. Maman Rukayya tana can tana taya su aikin abincin gobe, ta gan ni da jaka ta zaro ido. Na cire takalmi, na durƙusa a inda na saba, muka gaisa ta bayan labule. Na ji motsin Hajiya tana neman tashi ta ba ni wuri. Sai na ce:

"Hajiya, ku yi haƙuri. Ina roƙon kar ku tashi. So nake ku kunna shi da hannunku, a inda yake zama, yadda kuka saba."

Har mai daka a tsakar gida ta tsaya. Can na ji ta ce, "To. Shigo, Malam."

Na shiga na raɓe a bakin ƙofa. Ba tebur, ba akwati a tsakiyar ɗaki. Hajiya ta tashi a hankali ta nufi kabet ɗinta, irin babban nan mai ƙofar gilashi da iyayenmu ke jera kwanukan aurensu. Jiya na gan shi, ban ko ɗaga kai na dube shi da kyau ba. Ta buɗe gilashin. Ga akwatina a hawa na tsakiya, samira a dama, tangaran a hagu, an lulluɓe shi ruf da ƙyallen saƙa fari mai bakin kore, tun daga sama har ƙasa. Wayoyin sun fita ta wani ɗan rami da Nura ya huda a baya. Ta ɗaga gefen ƙyallen, ta yi bismillah ta danna maɓalli, ta mayar da ƙyallen ta gyara masa zama, ta rufe gilashi, ta koma kujerarta.

Innalillahi. Katin da ke neman iska kamar mai asma, an sa masa bargo an kulle shi a ɗaki. Ko minti goma ba a yi ba fankokin suka tashi, kwanuka suka kama amsawa, kabet duka yana zir-zir. Na ce a kashe haka nan.

Na san abin da kuke cewa a ranku: sai ka ce mata ta cire ƙyallen, ta fito da shi waje, magana ta ƙare. Haka yaron Kongo zai ce, kuma a littafi ya yi daidai. Amma wannan ɗakinta ne, haka take ajiye duk abin da take ji da shi tun kafin in fara sana'a. Ko ta cire yau don kunyata, jibi za ta mayar, don hannunta ya saba. Kuma laifin wa? Da na zo na gani tun farko, da ban kawo mata wannan dodon ba. Sai na ce mata wurin da ta ajiye shi ya yi, kuskuren nawa ne, na sa masa abin da ya fi ƙarfin ɗakin, a ba ni zuwa la'asar.

Na tari ɗan acaɓa na koma shago, na buɗe durowar nan da na raina. Na ɗauko ɗan katin da tun ranar farko na san shi ne: gajere, ba fanka, ƙarfe ne kawai mai haƙora a bayansa yana shan zafi, cinsa bai kai na ƙwan fitila irin na da ba, kuma ya san bidiyon sababbin wayoyi. Na haɗo da fanka guda mai faɗi, irin mai juyawa a hankali ba a jin ta. Na dawo na cire babban na sa ƙaramin. Amma ko ɗan ƙaramin kati sai ya yi numfashi, kar ku ce na ce muku a toshe shi. Na nemi izini na huda ramuka a falankin bayan kabet, inda ido ba ya kaiwa, na ɗaura fankar a nan tana fitar da zafi. Ni da Nura muka jawo kabet daga bango kamar faɗin tafin hannu, muna yi Hajiya tana cewa a yi a hankali da tangaran. Na juya akwatin yadda hancinsa zai kalli ramukan, na naɗe ƙyallen ta baya kaɗan. Ta gaba kuwa ba abin da ya canja.

Saura gwaji. Kuma gwajin gaskiya shi ne a kunna karatun tun daga farko har ƙarshe, gilashi a rufe, ƙyalle a kai, sauti yadda za a sa gobe. Nura ya ce yana da uzuri a waje, ya fice yana min gwalo. Maman Rukayya ta ƙi shigowa, ina jiyo su a kicin ita da 'yan'uwanta suna ƙyaƙyata dariya ƙasa-ƙasa. Aka bar ni daga ni sai Hajiya, bayan la'asar, awa biyu a gabanmu.

Na zauna a ƙasa kusa da ƙofa, na naɗe ƙafa. Ita tana kujera da carbi. Ba ta iya kallona, ba na iya kallonta, sai dukanmu muka ƙura wa talabijin ido. Ni ranar walimar a waje na tsaya da maza, kun san 'yar fari, ba a zaƙewa. Duk gwajin da na yi a baya kuwa kunnena a kan fanka yake, idona a kan mita. Sai ranar na ga 'yata sosai, cikin farin hijabi, allo a hannu, muryarta na ɗan rawa a farko sannan ta daidaita. Ɗakin shiru, ba ƙugi ba zir-zir, har numfashin da take ja tsakanin aya da aya ana ji. Ta gefen ido ina ganin leɓen Hajiya yana bin karatun. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba, har idona ya cicciko na yi kamar ina duba wani abu a jaka.

Rabin awa ta wuce, inda ya saba mutuwa. Awa ɗaya ta wuce. Ƙafata ta yi tsami, ban isa in miƙe ta ba. Gumi ya jiƙa min 'yar ciki, ni da ba a kulle a kabet ba. Har aka kai addu'ar ƙarshe, aka shafa, hoto ya tsaya da kansa, rana ta yi ja a taga.

Hajiya ta tashi ta buɗe gilashi, ta zura hannu ƙarƙashin ƙyallen ta dafa akwatin, yadda ake taɓa goshin yaro a ji ko zazzaɓi ya sauka. Ta ce ɗumi ne kawai. Ta gyara bakin ƙyallen, tana ba ni baya, sannan ta ce:

"Kwana bakwai na yi ina saƙa wannan, idon ma ba ya gani sosai. Na sa Nura ya auno min shi da zare tun yana shagonka. Suruki ba a sa shi aiki, Malam, shi ya sa ban taɓa aika maka ba. Wannan ma don 'yarka ce. To abin da ya fito daga hannunka kuwa ai ba na bar shi a fili ba."

Na ce "Allah ya ƙara girma." Na faɗa sau uku ko huɗu, ina ja da baya, na suri jaka na fita. Sai da na kai zaure na ga wani tsohon takalmin Nura ne a ƙafata.

Ranar Asabar aka yi taro. Maman Rukayya ta dawo da yamma tana taku ɗai-ɗai, ta ce sau biyu aka kalla, tsofaffi na ta dube-dube suna tambayar daga ina hoton ke fitowa, Hajiya ta nuna kabet ta ce aikin baban yarinyar ne. Washegari ina shirya jaka na ga babu ƙaramin sukundireba na, mai jan mariƙi, na tuna a kan kafet ɗinta na bar shi. Na ce wa maman Rukayya in ta je ta karɓo min. Ta je ta dawo hannu biyu, ta ce Hajiya ta ce a gaya wa Malam ta adana masa.

Yana nan cikin kabet, hawa na tsakiya, tsakanin akwatin da samira, an yi masa 'yar shimfiɗa. Sai wani na saya.